Tambari Ya Ƙi Yaye Hammadu

Tambari ɗan gwaggona, mai gyaran rediyo a bakin tashar Ƙaura Namoda, mutum ne da in ka taka masa ƙafa yau zai iya jira sai jikanka ya yi gemu sannan ya rama. Tun yana ɗan firit son rediyo ya kama shi. Ranar ɗaurin aurensa ma janye shi aka yi daga hanjin wata tsohuwar rediyo, yana roƙon liman ya jira shi ya liƙe waya ɗaya. Batir da harshe yake gwada shi, shi ya sa har yau miya ba ta taɓa yi masa gishiri ba.

Rumfa ɗaya suka raba da sa'ansa Hammadu, wanda sana'a ba ta tsufa a hannunsa. Ya sayar da kaset, ya koma tura waƙa a waya, ya koma caji, ya ƙare da injin cirar kuɗi. Hammadu ya aje tumbi. Tambari kuwa sai tsofaffi masu zuwa hira.

"Malam Tambari, an buɗe maƙabarta?" in ji Hammadu kullum da safe. "Rufe gawawwakin ga ka taho in koya maka sana'ar masu rai."

Bai tsaya nan ba, ya je wurin Wakili mai kula da rumfunan tasha ya nemi a ba shi rabin rumfar da Tambari ke ciki. Wakili ya yanke cewa in kaka ta yi babu ciniki, Tambari ya kwashe tarkacensa. Ranar Tambari ya ciji sukudireba har ta lanƙwashe.

Ana haka aka katse sabis na waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Wayoyi suka koma madubin duba haƙori. Jama'a suka zaro rediyoyi daga rumbu da ƙarƙashin gado, daga Zurmi, daga Shinkafi, daga Kurya, wata ma da kaza kwance a kanta aka kawo ta. Hammadu ya wuni yana korar ƙuda, har tumbin ya fara sacewa.

Rannan ya matso. "Ɗan'uwa, aikin ga ya yi maka yawa. In kama maka mana."

"Kamu?" in ji Tambari. "Sana'ag ga ba a faɗo mata ta katanga. Sai dai ka zama yarona, gaban shaidu."

Yunwa ta sa Hammadu ya yarda. Aka kira Wakili, aka raba goro, aka shafa fatiha. Shi Tambari ba ya yarda da ƙarfen lantarki, a garwashi yake gasa ƙarfen narka dalmarsa, kuma aikin sabon yaro shi ne fifita. Ya miƙa wa Hammadu mafici. Ga mutum da furfura a gemu, tsugune, hayaƙi na sa shi hawaye. Da Tambari ya hango surukin Hammadu tafe sai ya ɗaga murya yadda za a ji har garin Jangeru: "Yaro! Wutag ga ta mutu, mi kaka yi?"

Ranar da sabis ya dawo, Hammadu ya yi jifa da mafici ya ruga wurin Wakili. Kaka ta yi, rediyo ta sake mutuwa, a cika alkawari.

Wakili ya sosa ƙeya. "Gabana aka yi fatiha, Hammadu. Yaron shago ba ya karɓe wurin maigidansa. Tafi ya yaye ka, sannan mu yi magana."

Cinikin Tambari ya koma yadda yake, yau akwai gobe babu, kuma ko a jikinsa. Yana nan a rabinsa, ya ma ƙara ƙiba. Duk safiya Hammadu yakan leƙo, murya ƙasa-ƙasa don kada masu cirar kuɗi su ji.

"Maigida, yaushe za a yi yayen?"

Tambari ba ya ko ɗago kai.

"Fifitarka ba ta nuna ba tukuna, yaro. Ma duba baɗi."