Kwana Biyar a Kanazawa

Mijina injiniyan gine-gine ne. Tun muna zaune a wani ƙaramin gida a unguwar Gorton da ke birnin Manchester a Ingila, kafin mu koma unguwar Cheetham Hill, yake da wata mujalla da yake ajiyewa a durowar gefen gado. A cikinta akwai hotunan wani otal da ke birnin Kanazawa a ƙasar Japan, irin otal ɗin nan da ake zuwa don kallon gininsa kawai. Yakan buɗe shafin ya miƙo mini.

"Hajiya, duba nan. Ko ƙusa ɗaya ido ba zai gani ba. Ranar da na yi ritaya, nan zan kai ki."

Ni kuwa sai in ce, "Allah Ya kai mu, Injiniya," in ci gaba da abin da nake yi.

Bai kai ga ritayar ba mantuwa ta soma. Da farko makullin mota ne, sai sunan maƙwabcinmu na shekara da shekaru, sai wata rana ya hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, daga wajen aiki ya rasa inda zai sauka. GP, likitanmu na unguwa, ya tura mu asibiti, aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Likitar asibitin ta ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Na tambaye ta ko zai iya doguwar tafiya. Ta ce in za mu je, mu je bana.

'Yarmu ɗaya ce, tana jami'a a Birmingham, tana zaune a unguwar Perry Barr. Da na faɗa mata a waya ba ta ji daɗi ba.

"Umma, tafiyar nan too much ce ga Abba. In ya ɓace miki a can fa?"

"Ina riƙe da hannunsa."

"Shi ya ce yana so, ko ke ce?"

Na ce lokacin salla ya yi, na kashe wayar.

Mun isa a farkon sanyi, ana yayyafi. Otal ɗin yana nan kamar yadda yake a hoto: siminti mai santsi, katako fari, wani dogon falanki a maimakon teburin karɓar baƙi. Aka ba mu shayi kore a kofuna marasa hannu. Na zuba wa Injiniya ido ina jiran fuskarsa ta canza. Ya sha shayin, ya ce babu sukari.

Ɗakin da aka ba mu babu abin da ya fito daga bango. Ƙofar banɗaki da ta wajen rataye kaya duk sun saje da katakon, sai ka danna su buɗe. Makunnin fitila yana ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan kanta. Famfon ba shi da abin murɗawa. Na zo da butarmu ta roba a akwati, shuɗiya, bakinta ya ɗan tsage. Da na fito da ita ya yi murmushi ya ce, "Ai tamu ce." A duk ɗakin ita kaɗai ya gane.

Washegari da hantsi ina ninke kaya, sai na ji shiru ya yi yawa. Na juya na gan shi yana bin bango da tafin hannu, yana shafawa, yana matsawa gaba. Banɗaki yake nema, kuma bai tambaye ni ba. Kafin in isa gare shi abin da ake gudu ya riga ya faru. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago.

"Wane irin mutum ne zai gina ɗaki babu ƙofa?"

Na danna bangon, na shigar da shi, na taimaka masa ya yi wanka ya sake kaya, na goge wajen da tawul. Sannan na yagi takarda na rubuta BANƊAKI da manyan baƙaƙe, na manna da filastar ciwo.

Da muka dawo daga yawo da la'asar, takardata ba ta nan. Raina ya ɓaci, na ɗauka an cire ne don ta ɓata musu ado. Sai na ga an maye gurbinta da wani kati mai kauri, an kwafi rubutuna da baƙin tawada, har da lanƙwasar ɗan harafin nan namu. Wata dattijuwa mai gyaran ɗakuna ce ta yi. Na same ta a baranda na yi mata godiya da Turanci. Ta rusuna, ta faɗi wani abu da ban ji ba, ta nuna ƙirjinta ta nuna ɗakinmu. Na fahimci ita ma tana da wani irinsa a gida, ko ta taɓa yi. Muka tsaya muna kallon juna, sannan ta tura keken kayan aikinta ta wuce.

Kwana biyu muka yi muna zagaya garin a hankali, hannunsa cikin nawa. Mun shiga kasuwar kifi inda ake jera ƙaguwa manya a kan ƙanƙara, ya ƙi kallonsu. Shinkafa da gasasshen kifi kaɗai yake yarda ya ci. Mun bi wasu lunguna na tsofaffin gidajen katako, ina nuna masa, yana cewa "to". Kowane rabin sa'a yakan tambayi ƙarfe nawa, in faɗa masa, ya sake tambaya.

Ran kwana na huɗu muka je babban lambun garin. A can suna kafa dogon itace kusa da kowace bishiya, su saki igiyoyi daga ƙolinsa su ɗaure rassan. Injiniya ya saki hannuna ya matsa kusa. Muryarsa ta dawo irin ta da.

"Kin ga abin da suka yi? Ƙanƙara za ta zubo, reshen ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Sai suka raba nauyin, kowace igiya ta ɗauki kaɗan ta kai sama. Hajiya, waɗannan mutanen sun san aiki."

Ya yi kusan minti goma yana bayani, yana zana abin a iska da yatsa. Ban katse shi ba, ko hoto ban ɗauka ba, ina tsoron motsina ya kore shi. A raina na ce alhamdulillahi, tafiyar ba ta tashi a banza ba.

Muna fitowa muka hau bas. Ya leƙa wajen direba ya tambaye shi da Turanci ko wannan tana zuwa Cheetham Hill. Na jawo shi muka zauna.

A falon otal ɗin, kafin magariba, na je karɓo mana ruwan zafi. Da na dawo na zauna kusa da shi, sai ya matsa gefe ya gyara hularsa, yadda yake yi in baƙuwar mace ta zauna kusa da shi.

"Baiwar Allah, don Allah ko kina da waya? Matata nake so in kira. Ba ta san inda nake ba, hankalinta zai tashi."

Likita ta gaya mini wannan ranar za ta zo, ta ce kada in yi masa gardama. Na ajiye kofin don kada ya zube.

"Ta sani, Alhaji. Tana nan zuwa."

"Madalla. Allah Ya yi miki albarka."

Muka zauna muna jiranta tare. Bayan kamar rabin sa'a ya juyo ya ce, "Hajiya, ba a yi magariba ba ne?" Na ce yanzu za a yi. Muka hau sama.

Da muka dawo gida daga Japan, ƙarshen mako muka je Perry Barr. 'Yarmu ta dafa masa tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗan kicin ɗin gidan da suke haya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Abba, ya Japan?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Wa ya je Japan?"

Ta buɗe hotunan da na turo mata tana nuna masa. Ya kalli kansa tsaye a gaban otal ɗin cikin babbar rigar sanyi, ya ce wannan mutumin ya rame. Ta tashi ta shiga kicin ta saki famfo. Ban bi ta ba. A hanyar komawa Manchester ya yi barci, ni kuma na yi tuƙi cikin ruwan sama ba tare da na kunna rediyo ba.

Yanzu council, wato ƙaramar hukuma, na turo mai kula da shi da safe, ni kuma na rage kwanakin aikina. Ya daina kirana baiwar Allah, don ya daina kiran kowa da komai sai jefi-jefi. Yawancin yini yana zaune a bakin taga, hannuwansa bisa gwiwa. Maganin da aka ce zai rage gudun ciwon ban ga abin da ya rage ba, amma ina ba shi a kan lokaci.

In mun haɗu da matan unguwa a wajen suna ko walima, sukan ce, "Hajiya, an ce har Japan kuka je, ba mu labari mana." Sai in ce musu gari ne mai tsabta, mutanensa na da ladabi, kifinsu kuma ba ya ƙarni. Su ce ma sha Allah, Injiniya ya kyauta. In ce ƙwarai kuwa, in nemi mayafina, don mai kula da shi ƙarfe biyu take tashi.