Yadda Na Tone Tukunyar Goggo Dija

Ba zan faɗi sunana ba. Tsofaffin unguwar Majidaɗi sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa bai yi asarar komai ba. Ku matasa nake so ku karanta wannan, musamman masu wayon hannu, don irinku ne ni.

A da ni mai gyaran rediyo ne. Ina da ɗan teburi a bakin Kasuwar Jalingo, ina samun na abinci da na sabulu, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya bi ta ban yi wayo ba, sai yayarsa Goggo Dija ta ɗauke ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ne ɗanta. Har na yi gemu ba ta daina kirana "ɓingel am" ba, wato ɗana da Fillanci.

Goggo ba ta da dukiya. Gona ɗaya ce gare ta a Iware, sai awaki huɗu. Abin da take da shi suna ne. Ita ke wa jariran unguwa wanka, ita ake kira idan mace ta rasu, kuma ita ce ma'ajiyar mata. A lokacin ɗakuna da yawa na ciyawa ne, gobara ba wuya, wasu mazan kuma idan suka matsu sai su sayar da kayan matansu. Saboda haka mace takan ɗaure 'yan kunnenta na zinariya, ko mundaye na azurfa, ko murjanin da ta gada, ta kawo wa Goggo. Musulmi da Kirista duk suna kawowa. Ba ta iya karatu ba, da ƙyallen da aka ɗaure kayan take gane na kowa. Tun kafin a haife ni take wannan ajiya, ba a taɓa cewa wani abu ya ɓata ba, kuma ba wanda ya san inda take ɓoyewa, har ni da nake kwana gida ɗaya da ita.

Bayan an ba mu jiha, garin ya cika da 'yan kwangila. Wata rana kukun wani Bature mai aikin hanya ya zo teburina da wani abu naɗe a buhu. Ya ce maigidansa ya koma ƙasarsu ya bar masa, ba ya aiki, in ina so in ba shi ko nawa ne. Sanda ce mai tsayi kamar ƙotar magirbi, a ƙasanta akwai wani zagaye kamar faifai, a sama ɗan akwati mai maɓallai biyu da abin sawa a kunne. Ya ce Baturen yakan yi yawo da ita a fili ran Lahadi, tana nuna masa ƙarfen da ke cikin ƙasa. Na yi dariya, amma na saya. Da na buɗe akwatin, waya ɗaya ce kawai ta tsinke. Na ɗiga mata dalma, na sa batir, na miƙa faifan kan sukurudirebana, sai na ji ta yi ƙara a kunnena. 

Kwana uku ban gyara rediyon kowa ba. Na bi fili ina lilo da ita a kan ƙasa kamar mai shara. Abin da na fara tonowa ƙusoshi ne da marafan kwalba da gwangwanin kifi, mutane suna tsaye suna yi mini ba'a, wai na zama kaza. Sannu a hankali kunnena ya koyi muryarta. Tarkace tana yi musu ƙara a shaƙe, abu mai kyau kuwa siririyar murya take yi, tas. A tsohon filin da ake cin kasuwa a da na tono anini mai huji, na goge shi da yawu na ga tauraro a jikinsa. Daga baya na sami sisi da sule na zamanin Turawa. Murnar da na yi ranar ba ta da laifi ko kaɗan, kuma da na tsaya nan da yanzu ba na rubuta muku wannan.

Suna ya fita. Wanda ya yar da makulli sai a zo a kira ni. Wata amarya zobenta ya faɗi cikin yashi, na nemo mata, uwarta ta yi ta sa mini albarka. Sai rannan matar wani ɗan kasuwa ta yar da ɗan kunnen zinariya a ƙofar gidansu. Ina lilo na ji siririyar muryar nan. Ni kaɗai na ji, tunda abin a kunnena yake. Sai kawai na taka wurin da ƙafata, na ci gaba da nema a wani gefen, na ce musu babu. Bayan la'asar na dawo kamar mai wucewa, na sunkuya na ɗauka. Ba yunwa nake ji ba, ba kuma wata matsuwa. Na dai ga ba wanda zai sani.

Akwai wani dillali da ke zuwa daga kudu yana sayen tsofaffin kaya, muna ce masa Oga Sale. Shi ya karɓi ɗan kunnen bai tambaye ni komai ba. Ya duba aninaina ya tura mini su gefe, ya ce wannan wasa ne, in ina son in yi kuɗi in kawo masa azurfar tsofaffi da zinariya, ko ƙarafan gargajiya na mutanen dutse. Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni nema, rabi in samo masa, rabi in taka.

Wata safiya ina gwada sabon batir a tsakar gida, sai na shiga ɗakin Goggo da na'urar don in tsokane ta, ina cewa bari in ga ko ta ɓoye mini gado. Ina kai faifan kusa da randar ruwanta, na'urar ta saki wata ƙara da ban taɓa ji ba, sai da na cire abin daga kunne. Goggo tana tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan shinkafar, ta ce in fitar da abin nan daga ɗakinta, kuma kada in ƙara shigo da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Na fita ina dariya. Ni na gane inda ajiyar take, ita ma ta gane na gane.

Na yi kusan wata biyu ina kokawa da zuciyata. Kullum sai in ce wa kaina matan nan ba sa zuwa karɓa, wasu kayan sun shekara goma a ƙasa, zan juya su in mayar kafin a sani. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce. Da kaka ta yi, Goggo ta tafi Iware cire gyaɗa na kwana uku, ta bar mini makullin ɗakinta don in riƙa ba awaki dusa. Da rana tsaka na kawar da randar, na tona. Tukunya ce babba, an rufe bakinta da tasa. Ƙulli-ƙulli ne a ciki, kowanne da kalar ƙyallensa. Na kwashe duka, na mayar da tukunyar wayam, na daɓe wurin, na ɗora randa. Oga Sale ya ba ni abin da ya ga dama. Na sayi babur, na ce wa Goggo aikin kwangila na samu, ta yi mini addu'a.

Dab da Kirsimeti asiri ya tonu. Maman Rifkatu, wata Bamumuya, 'yar wata ƙabilar yankinmu, mai sayar da doya, aminiyar Goggo ce ta shekaru, kullum tare suke hira a gindin mangwaronmu. 'Yarta za ta yi aure, ta zo karɓar sarƙa da 'yan kunnen da ta yi shekara da shekaru tana tara mata. Ina tsakar gida ina wanke babur lokacin da Goggo ta shiga ta rufe ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito, ƙasa a hannunta har gwiwar hannu, ta dube ni sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Sannan ta juya ta ce wa ƙawarta kayan babu.

Kafin azahar gidan ya cika da mata, aka kai magana gaban mai unguwa. Ya tambayi Goggo wa ya san wurin ajiyar, ta ce ita kaɗai. Wata ta ce ai yaronta yana da injin da ke ganin cikin ƙasa, ga shi kuma da sabon babur. Ina tsaye a bayan mutane. Goggo ta ɗago kai ta ce:

"Yarona bai taɓa shiga ɗakina da abin nan ba. Ni aka ba ajiya, ni za a tambaya."

Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ranar ta yi ta saboda ni, a gaban jama'a. Ni kuwa na yi shiru.

Ta sayar da gonar Iware da awakin ta raba musu, amma bai kai ko'ina ba, kuma abin gado ba a sayo shi a kasuwa. Aka ce ita ta sayar da kayan a ɓoye. Aka daina kiranta wankan jariri. Mace ta rasu a maƙwabta aka tsallake ƙofarmu aka je wata unguwa neman mai wanka. Maman Rifkatu ta daina bin layinmu gaba ɗaya. Goggo ba ta taɓa ce mini uffan ba, tana dafa tuwo tana ajiye mini kamar kullum. Tuwon ne na kasa ci, na tattara na kama ɗaki a wata unguwa, na bar ta ita kaɗai a gidan.

Kuna zaton na tuba? Ina! Kuɗin sun ƙare, Oga Sale ya nuna mini wani ƙauye a gindin dutse inda mutanen ke binne ƙarafan kakanninsu ƙarƙashin wata bishiya, wurin da suke roƙon ruwan sama. Na je ranar kasuwarsu ina ganin ba kowa. Ashe tsofaffi ba sa zuwa kasuwa. Suka same ni tsugune cikin rami, suka tara matasa, na sha dukan da har yau haƙarƙarina ke tuna mini idan sanyi ya sauko. Aka miƙa ni ga 'yan sanda tare da na'urar, ban ƙara ganinta ba. Oga Sale ya ɓace. Alƙali ya yanke mini shekara huɗu.

Sau ɗaya Goggo ta iya zuwa gidan yari. Da ƙafa ta zo, ta rame har ban gane ta da farko ba, ta ƙullo mini ƙuli-ƙuli a leda. Na fashe da kuka na ce zan faɗa wa kowa ni na tone tukunyar. Ta waiga ta dubi gandiroba, ta matso ta rage murya.

"Kul, ɓingel am. Idan ka faɗa za su ƙara maka shekaru. Ni na tsufa, bari su faɗi abin da suke so. Kai dai ka fito."

Na bi maganarta, don ta yi mini daɗi. Wannan ma laifi ne a cikin laifukana. A shekarata ta uku a gidan yari wani ɗan unguwarmu da aka kawo ya gaya mini ta rasu tun da damina, kuma waɗanda suka zauna zaman makokinta ba su cika tabarma biyu ba.

Ranar da aka sake ni ban nemi ruwan wanka ba, gidan mai unguwa na nufa na faɗi komai. Ya ce babu mai sake kai ni kotu, amma in bi matan ɗaya bayan ɗaya in gaya musu da bakina. Na bi. Wasu sun rasu, wasu sun tashi, wata ta tofa mini yawu, kuma ta yi daidai. Ta ƙarshe Maman Rifkatu ce. Na same ta a rumfarta a kasuwa tana jera doya, na durƙusa na faɗa mata. Na zaci za ta zage ni. Sai ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da zani. Ta ce da Goggo ta kwanta ciwo sau uku tana aiko mata ta zo, ba ta je ba. Ranar da aka fita da gawar tana ji, ta rufe ƙofarta.

"Kaya na yafe maka, Rifkatu ta yi aurenta har da yara," in ji ta. "Amma ka sa na ƙi mutumin da bai yi mini komai ba. Yanzu wa zai je ya gaya wa Dija na sani?"



Na koma gyaran rediyo, na tuba, ina roƙon Allah gafara, ina yi wa Goggo addu'a bayan kowace sallah. Ku matasa, na'urar ba ta yi laifi ba, ƙarfe kawai take nunawa, ni na zaɓi in taka in yi shiru. Kada ku yi wannan shirun na farko, komai ƙanƙantar abin. Idan kuma kun riga kun yi, har kuna ganin kun sha, ku duba cikin gidanku da kyau, akwai wanda ke ɗauke da laifin a madadinku, kuma yawanci wanda ya fi sonku ne. In yana da rai, ku tashi yau ku wanke shi a gaban mutane, ko da ya hana ku. Ni na wanke Goggo Dija, duk Majidaɗi sun ji, ita kaɗai ce ba ta ji ba.