Ranar da Kawu Ya Hau Tsani

Kawuna gyaran firji ya fara koya, kuma da son ransa ne da a nan zai tsufa, domin firji a ƙasa yake zaune. Shi kuwa Kawu ko kujera ya taka don canza ƙwan lantarki, sai tsoro ya kama shi. Amma zamani ya juya, kowa ya koma sa esi, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Dole ya koyi aikin, ya kuma iya shi. Lanƙwasa bututun tagulla da auna gas duk wasa ne a hannunsa. Matsalar ɗaya ce: rabin na'urar a waje ake ratayewa, sau da yawa can saman bango.

A nan Dogo ya shigo rayuwarsa. Mai fenti ne da ya gaji da warin fenti, yana hawa tsani kamar mai hawa gadonsa. Suka haɗa kai, Kawu a ciki, Dogo a waje. Ta ramin da suka huda a bango suke miƙa wa juna bututu, ta nan kuma suke faɗa.

"Ja a hankali, ba igiyar shanya ba ce!"

"Fito ka ja da kanka mana, jarumi."

Inna, matar Kawu, takan ce da za a huda mata bango tsakaninta da shi, da ta fi samun hirarsa.

Wata rana wata dattijuwa mai ɗinki ta kira su. Ɗanta ne ya sayo esi da kwalin kayan haɗawa, ya kalli bidiyo a waya, ya ɗaura da kansa, ya yi tafiyarsa. Ɗaki bai yi sanyi ba, ga ruwa yana ɗiga a kan keken ɗinkinta. A saman bene take. Dogo kuwa ya tashi da ciwon baya, rakiya kawai ya yo.

Kawu ya gyara na ciki, ya karkatar da bututun ruwa waje. Saura gas da ke zurarewa a mahaɗar waje. Ya ce sai Dogo ya warke.

"Ba komai, ɗan nan, zan jira," in ji ta, tana fifita da marfin kwalin.

Ya dube ta, zufa har ta jiƙa mata ɗankwali. Sai ya sauka ya ɗaura bel ɗin kayan aiki.

Dogo ya riƙe tsani ya ce, "Kada ka kalli ƙasa. Babu komai a nan sai ni."

"Shi ya sa ba zan kalla ba."

Ya hau yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Da ya kama sifana sai hannunsa ya nutsu. Ya yanke bakin bututun, ya sake buɗa shi, ya ɗaure noti, ya shafa kumfar sabulu. Babu inda kumfar ta taso, alamar gas ya daina zurarewa.

Yana saukowa ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Ka ɗauke ni hoto?"

"Da wane hannun? Tsani nake riƙe."

A gida babu wanda ya yarda, muka sha dariya har ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Bayan kwana biyu sai ga dattijuwar da kanta a ƙofarmu, ta zo tambayar yadda ake rage sanyi. Kawu ya shimfiɗa mata tabarma, ya tara mu duka, ya ce, "Baba, kafin wannan, faɗa musu wa kika gani a bango."