Yammar da Ƙanena Ya Ƙwace Mini Labarin Jirgin Jamus

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta da yammar da ƙanena ya ƙwace mini majalisa a Randagi ba, kuma da labarin da ni na fara kawo shi garin.

A lokacin ni ne mai ba da labarin duniya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da rediyo, kuma ba na wasa da shi. Kullum bayan la'asar, in an dawo daga gona, mukan taru a gindin ɗorawa, ƙofar gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba, in jera musu abin da na ji. Labarin da na fi ƙwarewa a kai shi ne na jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku a yaƙin duniya na biyu, da yadda aka kama wani bai nutse ba. Ina da tsarina. Na farko, a gano inda yake. Na biyu, a yi ta zuba masa bama-bamai har ya taso. Na uku, mutanen ciki su buɗe wa ruwa hanya don ya nutse da sirrinsu, su kuma su yi tsalle. Na huɗu, abokan gaba su faɗa ciki da gudu su toshe. Shekara da shekaru ban taɓa sauya wannan jeri ba.

Sai ƙanena ya zo hutu. Sojan ruwa ne, an tura shi kwas ƙasar waje ya dawo. Yaron da ni na koya masa riƙon fartanya. Ya gaida kowa, ya zauna a bakin tabarma inda ya dace da shi. Ban ji komai ba sai da maƙwabcinmu, wani tsohon malamin makaranta Kirista mai son tsokana, ya ce:

"Soja, wai jirgin nan da yayanka ke kama mana kullum, da gaske akwai shi?"

"Ai Malam, har cikinsa na shiga," in ji ƙanena. "Yana can a gidan tarihi a ƙasar da na je kwas, sun ajiye shi a tudu. Ga ma shaida." Ya ture hula ya nuna ɗan tabo a goshi. "Ƙofarsa ce ta gaishe ni."

Aka kwashe da dariya, kowa ya gyara zama ya juya mini ƙeya. Ƙanena ya kama labari ta tsakiya, babu kai babu gindi: yadda gadajen suke a matse, yadda ake kwana karɓa-karɓa, wai in mutum ya miƙa hannu sai ya taɓa rufi. Baba ya tambaya yaya ake kama abin da ido bai gani.

"Baba, kamar gafiya ne a daji. Ka tura mata hayaƙi a rami, dole ta fito."

"Af!" in ji Baba. "Ashe gafiya ce!"

Duk shekarun da na yi ina jera musu na farko da na biyu, ban taɓa jin Baba ya ce af ba. Na yi gyaran murya.

"Ba daga nan ake farawa ba. Sai an gano shi tukuna. Kuma ba hayaƙi ba ne, bama-bamai ne."

"Gaskiyarka, Yaya," in ji ƙanena cikin ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo a wurina.

Malam ya ce, "Haba maigidan rediyo, ka bar mai tabo ya yi magana mana."

A majalisarmu, in Baba ya ɓare goro, ɓarin farko na wanda ke riƙe da hira ne. Baba ya zaro goro daga aljihu ya ɓare. Har na fara ɗaga hannu saboda sabo, sai na ga nasa hannun ya wuce ta gabana ya isa bakin tabarma. Ƙanena ya dube ni, ya ɗan yi jinkiri, sannan ya karɓa da hannu biyu. Na mayar da nawa kan gwiwa, na yi kamar ƙuda nake kora.

Ya koma bakin aiki bayan hutu, amma majalisa ba ta dawo hannuna yadda take ba. Duk ran da na ɗauko yaƙin teku, sai wani ya katse ni: "Ba mu na gafiyar ƙanenka." Har yau ina nan a kan cewa nawa ya fi nasa daidai, kuma har yau in ya kira waya ana rububin gaishe shi, raina yakan sosu.

Abin da na koya shi ne, mutane ba sa auna labari da tsarinsa, da ƙafar mai faɗarsa suke auna shi. Shi ya sa nake ce wa 'ya'yana, duk abin da kuka ji labarinsa, in da hali ku tashi ku je ku gani, don wanda ya je zai dawo, kuma a mazauninku zai zauna.