Gurbi na Ƙarshe a Falmaran ɗin Sixten

Sixten Brorsson ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a garin Hofors. Ban da jakar gidan waya, abu ɗaya aka san shi da shi: falmaran ɗin jins mai tambura a baya. Duk kundin waƙar da ƙungiyar Tokar Kabari ta fitar, in ya gamsu, sai ya ɗinka tambarinsa da hannunsa. In bai gamsu ba, ba ya cewa komai. Mutanen gari su dubi bayansa su gane.

Mawaƙin ƙungiyar, Ulrik, tare suka yi firamare. Da ya fara gurnanin death metal, kiɗan nan mai nauyi da hargowa, a ɗakin ƙasa na gidan uwarsa, Sixten aka fara miƙa wa kaset, a 1989. Kaset ɗin nan ne ya zama ma'auninsa. Kundi bakwai suka biyo baya, huɗu suka samu shiga, uku ya kau da kai. Yanzu gurbi ɗaya ya rage a ƙasan kafaɗar hagu, ga kundin ƙarshe ya fito, don maƙogwaron Ulrik ya fara gardama.

Sau uku Sixten ya saurari faifan a kicin. Sauri ya yi yawa, sautin fes kamar ɗakin likitan haƙori.

Matarsa Gunnel ta ce, "Ka ɗinka masa mana. Mutum ya kai sittin yana gurnani kamar kwata ta toshe, ka hana shi ɗan ƙyalle?"

Ranar Asabar da hantsi Ulrik ya zo da burodin kirfa. Idonsa ya fara sauka kan falmaran ɗin da ke rataye.

"Tsoho, allura ce ta ɓata?"

"Zauna ka ji abin da kuka manta."

Sixten ya sa kaset na farko a tsohuwar rikodarsa. Jita ta taso da nauyi, a hankali, kamar ana jan katako cikin laka. Murya ta fito daga can ƙasa. Ulrik ya ajiye kofin kofi.

"Wannan wane ne?"

"Kai ne mana, ɗan banza."

"Ni? Da ina da wannan murya ai da ban yi aikin masana'antar ƙarfe ba."

Ya ciro wayarsa ya kunna waƙar nan dai, yadda aka ɗauke ta tun asali. Sai ga ta da gudu, muryar siririya, ta saurayi. Da ka ji, ka ji yayar sabon faifan. Ulrik ya buɗe bayan rikodar da wuƙar man shanu, ya taɓa robar da ke juya kaset. Ta saki, shi ya sa take jan kaset a hankali.

"Tun yaushe take haka?"

"Haka na saye ta a gwanjo, tun kafin ka ba ni kaset ɗin nan."

Sixten ya tuna duk wasan da ya je, yana ganin suna gaggawa a dandali, ya ɗauka giya ce. Ya dubi kantar bango: huɗun da ya ɗinka suna jere, kaset-kaset. Ukun da ya ƙi, faifai ne.

Ulrik bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya motsa. Ya juye sabon kundin a kaset, suka sa a rikodar. Gilashin taga ya soma rawa. Gunnel ta ɗauki karensu ta fita.

Sixten ya zura zare a allura, ya tsaya.

"To wa nake ɗinka wa? Ku, ko rikodar?"

"Ɗinka dai, mutumina. Kawo in canza maka robar, minti biyar ne."

Sixten ya ɗora tafinsa a kan rikodar. "Kada ka taɓa ta."

Ya ɗinka tambarin, ya ɗan karkace, don hannun ba kamar da ba. Falmaran ya cika. Faifai ukun nan kuwa ya sauko da su ya ajiye kusa da rikodar, tare da sababbin kaset uku na juye su, waɗanda har yau bai ɓare ledarsu ba. Gunnel ta ce kullum in za ta goge tebur sai ta ɗaga su, ta mayar.