Dabinon da Na Sa Aka Yanka

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin gona a Agadas, akwai ranar da ba na mantawa da ita, ranar da na shiga garkar Baba Agali da zarto. Ku da kuka kama aikin nan jiya-jiya, ku saurara, ba labarin bajinta zan ba ku ba.

Lokacin babban fari ne, soja ke mulki. Muna ta roƙon ruwa, sai hadari ya haɗu bisa duwatsun Ayar, bai zubar da ko ɗigo ba. Guguwa ce ta sauko wani ƙauyen masu garka a cikin kwari kusa da Iferwan, ta kwashe bukkoki, ta tuge dabinai, ta karya katakan rijiyoyi. Tsarin lokacin shi ne kumandan yanki ya aiko saƙo ta rediyo, biro, wato ofishinmu, ya tada tawaga da takardar aiki, a je a gani, a gyara, a rubuto rahoto. Aka haɗa ni da wani ajidan, wato sojan da ke sama da sarjan, da 'yan sojojinsa da kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da gero.

Da muka isa, bakina ya kasa rufuwa. Dabinai da suka girmi ubana suna kwance, saiwa a sama, kamar an cire albasa. Mata sun riga sun tada bukkokinsu na tabarma, maza kuwa duk suna cikin rijiyoyi suna yasar rairayi.

Ajidan ya ce, "Jibi kumandan zai zo. Ba ni son ya ga ko tsinke a ƙasa. Malam, kai ne ka san gona, nuna musu."

Kaina ya kumbura. Ni da na yi karatun gona a kudu, inda ruwan sama ke yi wa manomi rabin aiki, na sa sojoji suka bi dabinan nan da zarto da gatari, gunduwa-gunduwa, muna jerawa gwanin kyau. Mata na tsaye daga nesa, hannu a baki. Ba wadda ta matso, don a zamanin nan ba a tsayar da mai kaki ana tambayarsa dalili.

Wajen la'asar Baba Agali, dattijon masu garkar, ya fito daga rijiya, rairayi har bisa rawaninsa. Ya daɗe yana kallon tarin.

"Ɗana, wa ya ce a yi haka?"

"Ni ne, Baba. Mun share muku, ga itacen wuta ma kun samu."

Ya kama hannuna ya kai ni bakin rijiyarsa. Nan na fahimci abin da ake kira tekarkart: dogayen itace biyu ake kafawa su sunkuya bisa rijiya, igiya na gudana a samansu, sa ko raƙumi ya ja guga, ruwa ya zube cikin indararo na gangar dabino da aka fafe, ya bi garka.

Ya ce, "Iska ta karya muna katako, amma ta kada muna madadinshi, munka gode Allah. Yanzu da mi za mu ja ruwa? Masara kwana uku take haƙuri, ita ce abincinmu na bana."

Wallahi sai a nan na gane ɓarnar da na yi. Farin ya cinye itatuwan kwarin, kuma mai hankali ba ya sare dabino mai rai. Na ruga wurin ajidan, saura gangar dabino uku ba a taɓa ba.

"Mon adjudant, a tsaya, don Allah."

"Oda oda ce, malam."

"To ka rubuta ni na hana."

Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya ce a ajiye zarto.

Ganga ukun nan rijiya ɗaya tak suka tayar, ta Baba Agali. In sa ya gaji a ɗaura raƙumi, aka ja magudanai zuwa maƙwabta, sojoji suka tuɓe riga suna kai ruwa a bokiti. Garaken kusa suka tsira. Na can ƙarshen kwari, ina kallo masararsu ta nannaɗe ganye ta bushe.

Kumandan ya zo, ya zaga, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Har yabo aka sa mini a takarda. Bayan wata biyu na ga magidantan ƙarshen kwarin a layin rabon hatsi a bakin Agadas, da iyalansu. Suka gaishe ni da fara'a, na rasa inda zan sa idona.

Abin da na koya shi ne, in kun je taimako, kafin ku ɗaga ko tsinke ku tambayi mai wurin, kuma ku tambaye shi nesa da mai kaki, inda zai iya ce muku a'a.

Ranar da za mu taso, Baba Agali ya ɗauko gunduwa ɗaya ya sa mini a kamiyo, ya ce in sami abin zama. Ita ce wannan da ke bakin birona, wadda kuke tsokanata in jefar in sayi kujera.