Zarton da Ya Cinye Min Igiyar Shanya

Shekarar da 'yarmu ta fari za ta yi aure, maigidana ya ce shi ba zai shiga coci da ita ba, ƙaninsa ne zai riƙe hannunta ya miƙa ta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, ya bar masa hannun hagu a lanƙwashe da ƙafa mai ja. Mutumin da ya yi shekaru yana gyaran injuna a masaƙar Kakuri bai yarda jama'a su miƙe tsaye suna kallonsa yana jan ƙafa tun daga ƙofa har gaban fasto ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo masa dattawan coci, duk a banza. Ita kuwa amaryar ta daina tada zancen, sai dai in ta dawo daga aiki in ga idonta ya yi ja.

Ana cikin haka iskar farkon damina ta karya babban reshen mangwaron gidanmu a Unguwar Boro, ya faɗo ya tare hanyar kicin. Ni dai murna na yi. A wajenmu gidan amarya ke tanadin itace, 'yan zumuntar mata su zo da manyan tukwanensu su hura wuta, ga shi Allah ya jefo mana itace har tsakar gida. Abin da ya rage a yanka shi da wuri ya sha rana. Na ɗauki waya zan kira masu injin yankan itace.

"Maman yara, ajiye wayar nan," in ji shi. "Jawo min akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado."

A ciki akwai ruwan zarto dogo, naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ba mariƙi ba komai. Na ce, "Baban yara, wannan ai haƙora ne babu baki." Bai kula ni ba. Ya sa na kwance wani tsohon benci da ya karye, ya zaɓi katako uku, biyu da za su tsaya, ɗaya da zai gitta tsakaninsu.

Aikin mai hannu biyu ne, shi kuwa ɗaya gare shi, don haka na zama hannunsa na hagu. Ni ke riƙe cizal, ƙarfen da ake huda katako da shi, shi yana buga hama. Na ce masa in ya fasa min yatsa shi zai tuƙa tuwon biki. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Muka haƙa ɗan rami a tsakiyar kowane katakon tsaye, ya fiƙe bakunan na gicciye su shiga ciki. Daga nan ya matse ɗaya daga cikin na tsayen da gwiwoyinsa, ya yi ta kankare shi da wuƙa har na gaji da kallo. Ya sirance, ya ɗan karkace, ko kusa bai yi kama da ɗan'uwansa ba. Na faɗa masa haka, don ni ba na ganin abu in yi shiru.

Da muka harhaɗa, muka maƙala ruwan zarton a ƙasa, na ɗaga abin in gani. Sai ya tarwatse a hannuna, katako nan, katako can. Raina ya ɓaci, yini guda ya tafi. Na shiga ɗaki na kwaso ƙusoshi.

"Haba, madam, wa ya aike ki?" ya ce. "Ƙusa kashe shi za ta yi. Bar shi ya yi wasa. Kwanto min igiyar shanyar can, ki haɗo da tsohuwar muciyarki da ta tsage."

Na kwanto ina gunaguni. Ya sa na zagaya igiyar a kan kawunan katakon biyu daga sama, na ƙulle. Ya zura guntun muciyar tsakanin igiyar ya fara murɗawa. Ina tsugune ina kallo. Igiya tana nannaɗewa, kawunan sama suna matsowa, na ƙasa suna buɗewa suna jan ruwan zarton, katako yana 'yar ƙara. Ƙarfen da ɗazu yake lilo ya miƙe sambal. Ya kwantar da muciyar a jikin na gicciyen don kada igiya ta warware, ya sa farce ya ɗan taɓa ƙarfen, ya yi wani siririn kuka mai daɗi.

Na ɗaga shi, na girgiza, na sake girgizawa da ƙarfi. Ko motsi. Tarkacen benci ne da igiyar da nake shanya zannuwa, da idona na ga sun zube, ga su yanzu sun zama abu guda, babu gam, babu abin da ke riƙe da su sai jan da suke wa juna. Na daɗe ban ji mamaki irin na ranar ba, har na rasa abin tsokana.

Muka je gindin reshen, shi can ni nan. Ina ta turawa da ƙarfi don in rage masa wahala, zarto yana cijewa.

"Kar ki tura min," ya ce. "Ja naki, ki sakar min nawa."

Na ja, na saki, ya ja. Garin itace ya fara zuba, ƙamshin ɗanyen mangwaro ya cika gidan. Can sai ya tsaya. Ya sa hannun dama ya ɗago na hagun, wanda ko a gabana ɓoye shi yake yi cikin riga, ya ɗora a kan siririn katakon nan da na raina. Yatsun da suka lanƙwashe suka zauna a kansa daidai, kamar murfi a kan tukunyarsa. Ashe awon hannun yake yi duk lokacin da yake kankara. Ya ɗora na daman a sama, ya ja da duka biyun.

Amaryar ta shigo daga aiki ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ya gan ta, bai janye hannun ba. Muka ci gaba har gungumen ya rabu ya faɗi.

Ya zauna a kansa yana haki, gumi har cikin ido. Ya dubi 'yarsa, ya dube ni.

"Maman yara, babbar rigar nan fara, a fito da ita a wanke. Kuma a gaya wa ƙanina ya nemi kujera ya zauna."

Da yammar nan na wanke ta. Da na fito da ita tana ɗiga na nufi wurin shanya, sai na tuna igiyata tana jikin zarto. Ban ce a kwance ta daga zarton ba. Na rataye rigar a reshen mangwaron da ya rage.